Anti, in sa barkwanci a jawabina kan ƙiba ko in bari?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a. Dan Allah shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure min. Ƙungiyarmu ta ɗalibai za ta yi taro ranar 4 ga Maris, ranar da aka ware a duniya kan ƙiba, aka ce ni zan yi jawabi kan yadda ake tsangwamar mutane saboda girman jikinsu. Ni kaina tubarkalla ce, tun ina yarinya ba sunan da ban sha ba, to na san abin ciki da bai.

Da farko bayanai zalla na jera, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba, da dokar da birnin New York ya yi a 2023 wadda ta hana nuna wa mutum bambanci wajen aiki ko haya saboda nauyinsa ko tsawonsa. Ina karanta wa ƙawayena wannan tana hamma waccan tana danna waya. Shi ne na zuba barkwanci, don na lura in mutum ya yi dariya zuciyarsa saki take yi, sai magana ta shige shi bai ankara ba.

Na sa guda biyu. Ɗaya na ranar da na je asibiti da ciwon kunne aka ce in rage ƙiba, na ce likita kunnen ne ya yi teɓa? Ɗayan kuma a kaina ne, wai in zan shiga mota direba sai ya kalle ni ya kalli taya. Wallahi Anti na tayar ya fi ba su dariya nesa ba kusa ba, har da riƙe ciki, amma washegari da kunnena na ji ɗaya daga cikinsu tana jefa wa wata yarinya shi, yarinyar da kowa ya san magungunan da take sha ne suka kumbura ta. Ta yi murmushin yaƙe ta wuce, ni kuwa jikina ya yi sanyi.

Yayata ta ce in cire duka, wai wannan ba maganar wasa ba ce. Ni a ganina na likita ya tsaya, tunda mai raini ake yi wa dariya a ciki ba mai jiki ba. Na tayar ne ya tsaya min a rai, don gaskiya da irinsa na saba kare kaina, in riga su faɗa kafin su faɗa min, kuma ina tsoron in na cire shi a ce na cika ɗaukar zafi.

To Anti ya halatta in yi wa jikina dariya a gaban mutane alhali akwai masu irin jikina a zaune da ba su ba ni izini ba? Kuma in barkwancin zai shiga, a farko zan sa shi ko sai bayan na gama maganar da ke ciwo?

Taki,
wata ɗaliba mai bibiyar shirinki