Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Ghana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon hukumarka ta ɗauki nauyin ƙera wata 'yar na'ura ta tafi-da-gidanka, wadda za ta riƙa auna motsin jiragen ruwa a tashoshin Tema da Takoradi, kuma a damƙa aikin a hannun injiniyoyinmu na gida.

Na san manyan jirage suna ɗauke da na'urar AIS, tunda dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta ta ga jirgi mai tan 300 ko fiye da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Sai dai aikinta shi ne faɗin inda jirgi yake, da saurinsa, da inda ya dosa. Ba ta da ta cewa a kan 'yan mitocin ƙarshe, lokacin da jirgin kwantena yake matsowa gefen tasha da saurin da ake ƙirgawa da santimita a daƙiƙa, inda ɗan ƙari kaɗan ya isa ya lalata robobin kariya. Bayan an ɗaure shi ma ba a huta ba, domin dogayen raƙuman ruwan Atilantika sukan riƙa jan jirgi gaba da baya har igiya ta tsinke, ta dawo kamar bulala. Waɗanda ke tsaye a wurin leburori ne, cikinsu har da 'ya'yanmu na zangunan Ashaiman da Nima.

Na'urar da nake nufi mutum ɗaya zai ɗauka a jaka, ya manna ta da maganaɗisu a jikin jirgi. A cikinta akwai GPS, da ma'aunin karkata irin na wayar hannu, da batirin da zai kai ƙarshen sauke kaya, da rediyon da zai aika bayanai ɗakin kula. GPS na waya yakan yi kuskuren mitoci, don haka dole a kafa wata na'urar a tudu da za ta riƙa gyara lissafin. Amma a ganina, babbar matsalar ita ce gishiri. Duk mai gyaran kayan lantarki a bakin teku ya san yadda yake mayar da tagulla kore ya cinye mahaɗin waya, saboda haka akwatin da ba ya shan iska da ruwa shi ne rabin aikin.

Jami'ar KNUST ta Kumasi da Jami'ar Nazarin Harkokin Teku da ke Nungua suna da masu iya wannan. Abin da suke bukata daga gare ka shi ne wurin ɗaure jirgi guda a Tema domin gwaji, da izinin aiki tare da matuƙan da ke shigo da jirage, da alkawarin cewa hukumar za ta saya idan na'urar ta yi kyau.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mai gyaran kayan lantarki,
Nima, Accra