Malam, na fara da kaɗan-kaɗan amma zuciyata na son karaya

Assalamu alaikum Malam, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka na gidan rediyo. Ni tela ne a Zengou nan Damagaram, shekarata 29, shekara bakwai ke nan ina ɗinki a shagon maigidana kuma har yau ban da keken kaina.

Duk farkon shekara sai in sayi sabon kaye in rubuta abin da zan yi: zan sayi keke, zan sauke Alƙur'ani, zan bar zaman fada har ƙarfe ɗayan dare, zan tara kuɗin aure, duka a shekara guda. Sati biyu uku ina da zafi na, kafin watan biyu ya ƙare wallahi ko inda na aje kayen ban sani ba. Kaye huɗu gare ni a ƙasan akwati, kowane shafin farko kawai aka rubuta.

Abin da ya juya min tunani Innata ce. Tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, tana da asusun ƙasa a bayan randa, kullum in ta tashi daga tuya sai ta jefa dala ashirin, ba ta taɓa ce ma kowa ga burinta ba. Ranar da ta fasa shi ta aike ni kasuwa na jawo mata 'yar akuya, ina tafe da igiya a hannu ina ta tunanin kayena. Na ce mata Inna yaya kika yi, ta ce ɗana ai da sannu ake cika randa.

To sai na bi sawunta. Na sa ma kaina dala arba'in kullum, na lissafa in na jure shekara zai kai jikka 73, kuma keken hannu da na taya a kasuwar Dole bai wuce haka ba. Karatu kuma na ce sumuni ɗaya bayan asuba, tunda izu sittin sumuni 480 ne, shekara ɗaya da wata huɗu na sauke in Allah ya yarda. Na yi sati shida ban tsallake ba, jikka takwas da dala tamanin na tara, ban taɓa riƙe abu ya kai haka ba a rayuwata.

Sai ga matsala. Satin da ya wuce pampo ya ɗauke a unguwarmu, ka dai san Damagaram da ruwa, kuɗin hannuna duka suka tafi wajen 'yan garuwa, kuma aiki ya yi sanyi a shago, kwana biyar ban jefa ko dala ba. Tun daga nan karatun ma ya fara yi min nauyi, zuciyata tana ce min ai ka riga ka ɓata, bari sai sabuwar shekara ka sake sabon lale. Wannan muryar na santa Malam, ita ce ta cinye min shekara huɗu, kuma ina jin tsoronta sosai. Ga abokai a fada da na gaya ma, suna cewa da dala arba'in sai na yi furfura kafin in buɗe shago, maganar tana yi min ciwo ko da na yi shiru.

Dan Allah ka ba ni shawara. Kwanakin da na tsallake in rama su ne ko in ci gaba daga inda na tsaya? Kuma ajiya da karatu tare sun yi yawa ne, in riƙe ɗaya tukuna? Maigidana ya ce in shiga adashin teloli saboda kunyar mutane za ta hana ni fashi, amma ina tsoron ranar da zubi zai zo ba ni da shi. Ga azumi na tafe da ɗinkin sallah, lokacin muna kwana a shago, ban san yadda zan riƙe sumunin asuba ba.

Ina sauraron shirinka a shago, maigidana ma yana ji.

Ɗanka, tela daga Zengou, Damagaram