Wasiƙa zuwa ga aminina kan kiɗan mayun boko

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da su Baba da Inna. Yaya Damagaram, yaya sanyin bana? Allah ya ƙara wa situdiyo albarka.

Saƙonka ya iso. Na ga inda ka ce waƙoƙin da na tura maka sun yi maka kama da wasan yara, wai ƙattin Turawa ne da tabarau, ɗaya rungume da akodiyon, suna waƙa a kan rana da fitilar ɗaki. Ban yarda ba, kuma tunda kai mai fiyano ne, ta ɓangaren aikin hannu zan biyo maka. Irin waɗannan makaɗa a can kallon mayun boko ake yi musu, yaran da a makaranta ba su iya ƙwallo ba, ba su damu da ado ba, sai naci a kan duk abin da ya ɗauke musu hankali. Wannan nacin nake so kunnenka ya kama.

Mu fara da They Might Be Giants. Mutum biyu ne, John Flansburgh da John Linnell, abokai tun suna makaranta a jihar Massachusetts ta Amurka, suka kafa ƙungiyar a Brooklyn a 1982. Shekara 10 suka yi ba su da mai ganga. Flansburgh na riƙe da jita, Linnell da akodiyon, kayan kiɗan nan mai zugazugi a tsakiya kamar na maƙera. Ganga da bes, wato jita mai kaurin sauti, kuwa an riga an naɗe su a tef, ana kunnawa a bayansu. Ka san halin tef, ba ya jiran kowa. Mai kalangu bakin mawaƙi yake kallo, in ya ga ya makara da shiga sai ya ƙara zagaye ɗaya ya rufa masa asiri. Da tef, in ka makara da bugu ɗaya, a makare za ka ƙare waƙar gaban jama'a. Saboda haka mai aiki da shi dole ya ƙidaya zagayen kowane sashe tun daga gida, ya sa ƙyas huɗu a farko don shiga, ya kuma dasa wata alama kafin amshi, ko ɗan gangaren ganga ko shirun bugu ɗaya. Ka sake sauraron waƙoƙinsu na farko da wannan a ranka. Yawancinsu ba su kai minti 3 ba, kuma babu rara ko ta zagaye ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne na wayar tarho. A shekarunsu na farko Linnell ya faɗi a keke ya karye a wuyan hannu, ɓarayi kuma suka shiga ɗakin Flansburgh, wasa a dandali ya tsaya. Sai suka ɗauki na'urar amsa waya, mai ɗan kaset a ciki, wadda in an kira ba ka gida take faɗar saƙonka, suka naɗa waƙa a gurbin saƙon. Suka sa lambar a ƙananan tallace-tallacen jaridar Village Voice, suka kira abin Dial-A-Song. Ka kira, ka ji waƙa, ka ajiye. Mutum ɗaya layin ke ɗauka a lokaci guda.

Na'urar tana da nata sharaɗin. An ƙera ta ne ta riƙa sauraron wani dogon sauti miƙaƙƙe a matsayin alamar saƙo ya ƙare. To in mawaƙi ya ja murya a kan sauti ɗaya, ko akodiyon ya daɗe a wuri guda, sai ta ɗauka an gama, ta yanke waƙar ta mayar da kaset baya. Dole suka koma rubuta waƙa mai gajerun sautuka, murya na tsalle daga nan zuwa can, kalmomi a cushe. Wannan tsalle-tsallen da ka kira wasan yara, wani ɓangarensa daga nan ya fito.

Layin tarho kuma ba ya ɗaukar duk abin da kunne ke ji. Da haz ake auna kauri ko kaifin sauti, shi kuwa daga haz 300 zuwa 3,400 kawai yake wucewa. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kusan haz 41, ƙugin babbar ganga ma ƙasa da 100 yake, duk layi zai zubar da su. Can sama kuma kaifin harafin s yana dusashewa har ya yi kama da f. Me ya rage? Karin murya da kalmomi. In su biyun ba su tsaya da ƙafarsu ba, babu abin da zai ɗauke su. Akodiyon ya dace da wannan ƙunci, don sautinsa cike yake da 'yan sautukan sama masu biyo asalin sautin, su kuma suna ratsa layi lafiya.

Nan ne abin ya shafe ka. Yawancin masu sauraron aikinka ta ƙaramar sifikar waya suke ji, a shago ko a bayan babur, ita ma ba ta fitar da ƙugin ƙasa. Kafin ka sallami kowace waƙa, ka mayar da ita baki ɗaya maimakon hagu da dama, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 300 da abin da ke sama da 3,400, ka saurara. In bes ya ɓace gaba ɗaya, kada ka ƙara masa ƙarfi, hakan sai dai ya cinye maka wuri ya sa sifika karkarwa. Ka ninka layin nasa da wani sauti mai ɗan kaushi, hawa biyu a sama, ka sa shi ƙasa-ƙasa. Kunne in ya ji sautukan saman, da kansa yake cike asalin da ya ɓata. In kuma kalmomi suka nutse, fiyano ne ke zaune a wurin murya, ka rage shi tsakanin haz 1,000 da 3,000 a duk inda mawaƙi ke rerawa.

Sai batun abin da su Linnell suke wa waƙa. Waƙarsu da ta kai mataki na 6 a jerin waƙoƙin Birtaniya a 1990, mai magana a cikinta fitilar dare ce, 'yar ƙarama mai siffar shuɗin tsuntsu, irin wadda ake maƙalawa a soket a ɗakin yaro mai tsoron duhu. A bangon da ke fuskantarta akwai hoton hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Fitilar ta dube shi ta ce kakanta ne, ta kuma yarda cewa da ita aka ba wannan aiki da jirage sun halaka, nata aikin shi ne ta kwana tana gadin mutum ɗaya. Ni dai ban san waƙoƙin ƙauna da yawa da suka kai wannan taushi ba. Kuma bai kamata ya zama baƙo a kunnenka ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, ya bar sarakuna ya yi wa karen mota waƙa. Ƙaramin kayan kiɗa da abin da kowa ya raina, in aka dube su da gaske, sun isa.

Ta ranar kuma tana da labari. Tsohuwar waƙar koyar da yara ce ta 1959, suka sake rera ta a 1993, tana cewa rana dunƙulen iskar gas ce mai ƙuna. Masana suka ce da gyara: zafin rana ya kai inda ƙwayoyin zarra ke sakin ilektoron ɗinsu, wannan yanayi kuwa sunansa filasma. A 2009, a kundinsu na kimiyya don yara, suka rubuta sabuwar waƙa musamman don gyara ta farkon. Shekara 16 waƙar na jan tafi a hannunsu, suka fito suka ce akwai kuskure a ciki. Wannan tarbiyyar malamai ce, kuma mu da muka gaji waƙoƙin koyarwa irin waɗanda Nana Asma'u ta ba 'yan taru su haddace, mun san nauyin sa ilimi a baiti, don abin da ya shiga kai da rauji ba ya fita da sauƙi, daidai ne ko kuskure.

In za ka gwada irinta da Hausa, ga inda ake faɗuwa. Lamba tana da tsawo a baki. Nisan rana daga nan kusan kilomita miliyan 150 ne, ka faɗe shi da ƙarfi ka ƙirga, gaɓa 12 ce, ta cinye layi guda. Haskenta kuma minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi kafin ya iso. Ka zaɓi ɗaya ka ba ta baiti sukutum, ka kawo mata hoto, misali cewa ranar da kake gani yanzu ta minti 8 da suka wuce ce. Wanda ya cusa lambobi huɗu a baiti ɗaya allon aji ya rera. Sannan ka kula da tsawon wasali, don rauji na son jan gaɓa inda harshe bai yarda ba. Ka ja gaɓar farko ta garin da mutane ke zaune, ka mayar da shi garin tuwo. Kalmomi za ka fara tsarawa, ka faɗe su da bakin magana, sannan ka nemo raujin da ke bin hawa da saukarsu.

A 1996 ma su Linnell sun je tsohon ɗakin binciken Edison, mai ƙirƙirar na'urori, a jihar New Jersey suka naɗi waƙa a kan gwangwanin kakin zuma, ba lantarki. Ana rerawa cikin wani ƙaho, allura na sassaƙa kakin. Babu maɓallin ƙara murya, wanda ake so a ji ya matso, mai ƙara ya ja baya.

Sai ƙungiyar Devo, su daban suke, kuma kada rigunansu rawaya da jajayen hulunan roba su ruɗe ka. Daga Akron ta jihar Ohio suka fito. Gerald Casale, ɗaya daga cikinsu, ɗalibi ne a Jami'ar Kent State ranar 4 ga Mayu, 1970, da dakarun jiha suka buɗe wuta suka kashe ɗalibai 4, biyu daga ciki ya san su. Sunan ƙungiyar daga ra'ayinsu yake, cewa ɗan Adam baya yake ci, yana zama inji mai bin umarni. Shi ya sa suke motsi kamar tsatsa ta kama su, kiɗan ma haka. Waƙar da suka bayyana wannan ra'ayi a cikinta a kan bugu 7 aka gina yawancinta maimakon 8, sai ka ji kullum kamar an fizge maka tabarma kafin ka zauna. Ga yadda za ka dasa shi: zagayen na'urar ganga mai gida 16, ka rage shi zuwa 14. Babbar ganga a gida na 1, na 5 da na 9. Ka ƙirga ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku. Hannunka zai so ya ƙara bugu na takwas don ya huta, nan kowa ke zamewa. Ka fara a hankali sosai, da tafi kawai, sai ƙirgar ta daina buƙatar baki sannan ka taɓa fiyano. Kada ka riƙe shi har ƙarshe. Su ma suna komawa bugu 4 a wani sashe, kuma daɗin da jiki ke ji a wurin, wahalar bakwai ɗin ce ta saya masa shi.

Kraftwerk na Düsseldorf a Jamus ba sai na ja maka ba, ka ji su ko ba ka san sunansu ba. Jagororin ƙungiyar, Ralf Hütter da Florian Schneider, sun yi wa babbar hanyar mota waƙar sama da minti 22 a 1974, suka yi wa kalkuleta tata a 1981, sanye da kwat kamar ma'aikatan banki. A 1982 Afrika Bambaataa na New York ya ɗauki raujin waƙarsu ta jirgin ƙasa ya ɗora a kan na'urar ganga Roland TR-808, samarin unguwanni suka yi ta rawa da shi. Kusa da kai ma akwai Mamman Sani na Yamai, wanda ya zauna shi kaɗai da ogan ɗin lantarki ya naɗi kaset a 1978, sai a 2013 aka sake fitar da shi duniya ta ji. Ka neme shi, ka kula da yadda hannunsa na hagu ke riƙe wuri ɗaya yana barin na dama ya yi yawo.

Ba duk mai tabarau da baƙuwar hula nake karewa ba. Da yawa ban dariya kawai suka riƙe, ka ji sau ɗaya ka yi murmushi, na biyu ba komai. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire kalmomin, ka buga raujin shi kaɗai da yatsa ɗaya. Ka yi wa ta fitilar nan haka a daren yau, za ka ga sau nawa take sauya mazaunin murya ba tare da ka ji an ɗaga ka ba.

In ka haɗa zagayen gida 14 ɗin, ka turo min ko da na daƙiƙa 30 ne, ta waya zan saurara. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka miƙa gaisuwata ga su Baba. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini,
daga Kano