Ba zanen ba ne ya cinye mini dare

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta abin da wani malami ya rubuta a shafinku na ra'ayi kwanakin baya, inda ya ce duk magidancin da ke karanta littattafan labarin zane ya rasa abin yi ne. To, ga ɗaya daga cikinsu. Ni tela ne a Fagge, shekaruna 44, da iyali da yaran shago uku, abin yi kuwa har ya yi mini yawa. Na san inda gizo ke saƙa a maganar nan, kuma ba inda malam ya nuna ba ne.

Ina aji uku a firamare na kamu. Kawuna direban babbar mota ne mai zuwa Maraɗi, shi ya taho mini da wani tsohon littafin Tintin, bangonsa a yage, yana ta warin gas. Da Faransanci aka rubuta shi, ko kalma ɗaya ban sani ba, amma na bi labarin tsaf daga fuskokin mutane da ƙurar da ke tashi bayan mota. Sai da na girma na ji cewa wani ɗan Beljiyam ne, Hergé, ya fara zana shi a 1929. A nan ma na fara lura da yadda riga ke zama a kafaɗar mutum, ina kwaikwayon zanen a bayan littafin lissafi, har na sha bulala a kai. Amma abin da nake so a riƙe shi ne, littafin nan shafi 62 ne. Ka buɗe bayan La'asar, kafin Magariba ka kai bangon ƙarshe, ka rufe, a aike ka ka tafi. Shi da kansa yake sallamarka.

Shekara uku da suka wuce wani yaron shagona ya nuna mini irin na Japan a waya, wanda suke kira manga. Ya tsaya zai koya mini cewa daga dama ake farawa zuwa hagu, na ce masa yaro, wanda ya yi makarantar allo ba a koya masa wannan. Ya sa mini One Piece. Tun 1997 ake buga shi a wata mujallar mako-mako, ya haura babi 1,000, kuma har yau bai ƙare ba. Kowane babi gajere ne, minti biyar ka gama, sai dai a daidai inda aka ɗaga takobi ake yanke shi. Da gangan ne, don mai karatu a Tokyo ya koma ya sayi ta mako mai zuwa. Shi yana da hutun dole na kwana bakwai tsakanin babi da babi. Ni kuwa na tarar da tulin sama da shekara 20 a tafin hannuna, yatsa kawai zan goga.

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah abin ya kama ni. Duk wanda ya san tela ya san a goman ƙarshe ba ma barci, shadda a jibge har rufi. Na dawo daga asham na ce bari in duba babi ɗaya kafin in hau keke. Wallahi ban ɗago kai ba sai da na ji masu tashe suna kaɗa gwangwanin sahur. Yadin da na yanka yana nan a kan tebur, almakashi a kansa, yadda na bar shi.

Ranar jajibiri wani dattijo, tsohon abokin cinikina, ya shigo riƙe da hannun jikansa, yaro bai fi shekara shida ba. Yaron ya hango kaftaninsa mai ruwan sararin samaniya a rataye, hannu ɗaya babu, wuya ba a yi masa aiki ba. Bai yi kuka ba. Ya miƙa hannu ya shafa inda hannun rigar ya kamata ya kasance, ya dubi kakansa. Na fara cewa, "Baba, ka san an ɗauke wuta..." Ya dubi keken ƙafa da ke gabana, ya ce, "Ba komai, Malam. Allah ya kai mu da daddare." Na gama rigar ƙarfe biyun dare, na kai da kaina. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban daina karatu ba, kuma ba ni da niyya. Waya dai tana shiga durowar keke da safe, idan ta yi ƙara in amsa in mayar. Juma'a bayan masallaci ba na buɗe shago, to nan nake zama da shayi in karanta babi biyar, na faɗa wa uwargida adadin don ta riƙa tsayar da ni, kuma tana jin daɗin aikin nan fiye da kima. Azumi na kamawa nake goge manhajar gaba ɗaya. Ba kullum nake cika alkawari ba, makon jiya ma na yi tara.

Malam kuma ya yi mana adalci. Majalisar ƙofar shagona ana kwashe awa uku ana musu kan ƙwallon Ingila, wani har da rantsuwa, ban taɓa jin an ce da su yara ba. Mai littafi a hannu ne kawai ake yi wa kallon wanda bai girma ba, don an ga hoto a ciki.

Roƙona gare ku, Edita: muna da samari masu hannu, ku dubi abin da suke zanawa a bayan manyan motoci da allunan shagunan aski. Ku ba ɗayansu rabin shafi duk mako, ya zana mana labari da Hausa, da mai shayi da ɗan dako da tela maƙaryaci idan ya ga dama, ba zan ji haushi ba. Ya yanke shi a inda ya fi daɗi. Zan sayi jarida, in karanta a tsaye, in koma kan keke in jira wani makon.

Naku,
Wani tela daga Fagge, Kano