A daina ɓoye maganar man santsi da ciwon sanyin fitsari

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in taɓo abin da ke damun matan zangonninmu na Kumasi amma kunya ta hana a yi maganarsa. Ina aiki a kemis a Aboabo, kuma da wuya rana ta faɗi mace ba ta shigo ta rage murya ta ce "Anti, a ba ni maganin sanyi" ba, fitsari na mata zafi kamar an zuba barkono, tana ta zaryar bayi kuma ɗan ɗigo ne ke fita. In na lallaɓa ta sai in ji ashe akwai abin da take shafawa lokacin kwanciya da maigida, wata basilin, wata man kaɗe, wata man jarirai, wata kuma haɗin kayan mata ne a kwalba, babu suna babu lambar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana.

Ni fa ban ce a bar man santsi ba. Bushewar gaba gaskiya ce, mai shayarwa na samunta, wadda al'ada ta ɗauke mata ma haka, saboda estrogen, wato sinadarin jikin mace da ke taimakawa gaba ta yi laima, ya ragu a jiki. Kuma gogayya a bushe ita kanta tana jawo ciwon, don mafitar fitsarin mace gajera ce, wajen santimita 4 kawai, ga ta kusa da dubura, ƙwayar E. coli da ke cikin hanji wadda ita ce ke haddasa yawancin wannan ciwo ba ta da wata tafiya mai nisa kafin ta kai mafitsara. To man kirki taimako yake.

Matsalar wane iri ne. Duk wanda aka rubuta nonoxynol-9 a jikinsa, wato mai kashe maniyyi, a guje shi, har wasu kondom na zuwa da shi, yana kashe ƙwayoyin kirki da ke gadin gaban mace sai miyagun su samu wurin zama. Masu ƙamshi da masu ɗanɗanon alewa da masu sa ɗumi su ma suna iya sa ƙaiƙayi da raɗaɗi. Basilin da man kaɗe da man jarirai kuwa suna lalata robar kondom ta fashe, ba sa wankuwa da sauri, ga shi kwalbar da yara ke tsoma hannu suna shafa a ƙafa ita ce dai ake ɗaukowa da dare, wallahi wannan yana ƙona min rai. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan irin man da ya dace a haɗa da kondom, na ruwa ko na silikon, kuma ana samunsu a kemis.

Bayan an gama kwanciya a daure a tashi a yi fitsari, tsarki daga gaba zuwa baya, a sha ruwa sosai.

Sai maganar antibayotik. Mata su daina sayen ƙwaya huɗu ko shida su sha, zafi na lafawa su ajiye, haka ciwon ke dawowa ya ƙi jin magani. A je a auna fitsari tukun. In akwai zazzaɓi da ciwon kwiɓi ko amai, ko mace na da juna biyu, wannan ba na kemis ba ne, a ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS a nufi asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye don ciwon yana iya hawa ƙoda.

Maza kuma dan Allah, in matarka ta kawo man nan gida kada ka ɗaure fuska ka fara zarginta, da yawa tsoron wannan zargin ne ya mayar da su ga basilin. Ina roƙon ka gayyato ungozoma ko likitan mata ya riƙa amsa tambayoyi a wannan shafi da Hausa, ba tare da an buga sunan mai tambaya ba.

Wassalam,
'Yar'uwarku daga Aboabo, Kumasi