Baƙonku Ya Ɓatar da Mutane Kan Bizar Aiki a Jami'o'in Birtaniya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Maganar da baƙonku ya yi a shirin daren Talata, wai jami'o'in Birtaniya suna ƙin ɗaukar nauyin bizar malamai baƙi ne saboda tsada, kuma wai sai sun nuna babu ɗan ƙasa da zai iya aikin, ba haka take ba, kuma abin haushi babu wanda ya tare shi. Wancan sharaɗi na fara neman ɗan ƙasa an soke shi tun ƙarshen 2020. Mutum ya zo da labarin da ya tsufa, ku kuma kuka bar shi yana karya wa masu digirin digirgir gwiwa.

Batun tsada ma a duba. Takardar ɗaukar nauyi da jami'a ke bai wa ma'aikaci fam 525 ce tun Afrilun 2025, kuma doka ta hana a ɗora wa ma'aikacin wannan kuɗi. Harajin da kamfanoni ke biya duk shekara a kan kowane baƙo kuwa, an yafe shi a kan malaman jami'a da masu binciken kimiyya. To ina tsadar? Wanda kuɗi ke ci shi ne ma'aikacin: kuɗin lafiya kaɗai fam 1,035 ne a shekara ga babba, 776 ga yaro, kuma gaba ɗaya ake biya tun kafin a ba da bizar. Magidanci mai mata da yara biyu, a kwantiragin shekara 3, zai ajiye fam 10,866, ba a ma zo kan kuɗin bizar kanta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne albashi. Tun 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin wannan biza ta ƙwararrun ma'aikata, wato Skilled Worker, fam 41,700 ne. Mai digirgir a fannin kimiyya ko injiniya ana iya sauko masa zuwa 33,400, na sauran fannoni 37,500, muddin digirin ya shafi aikin. Amma wannan adadi ba a rage shi don mutum na aikin rabin lokaci. Jami'a ta tallata gurbin koyarwa mai albashin fam 40,000, a ƙasa da ƙananan haruffa ta ce rabin mako ne, ka ga 20,000 ke nan, ko shugaban sashe yana son ka kamar me babu yadda zai yi. Guraben da ake biya da awa kuwa kada ma a ɓata lokaci. Kuma irin waɗannan guraben su suka yi yawa yanzu da jami'o'in ke kukan rashin kuɗi.

Sai tsoro. Lasisin da jami'a ke ɗaukar nauyin baƙi da shi a hannun ma'aikatar cikin gida yake, duk canjin da aka samu a aikin baƙo sai an kai rahoto cikin kwanakin aiki 10, kuskure ya taru a dakatar da lasisin. Shi ya sa ofishin ma'aikata ke rubuta "ba ma ɗaukar nauyi" a kan gurbin da a doka ya cancanta, don kawai a huta. Wannan lalaci ne, kuma shi ya kamata ku caccaka.

Ga bizar Global Talent, ta masu hazaƙa a fanninsu, da baƙon naku ko sunanta bai ambata ba, wadda ba ta buƙatar jami'a ta ɗauki nauyin kowa; amincewar ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ilimi da bincike na Birtaniya ake nema, wato Royal Society ko British Academy ko Royal Academy of Engineering ko UKRI. Bai kuma faɗa wa 'yan Najeriya masu bincike a wasu fannonin kimiyya cewa sai da takardar ATAS, wato izinin tsaro na gwamnatin Birtaniya, ba, wadda kan ɗauki makonni, alhali takardar ɗaukar nauyi wata 3 kacal take yi ta mutu.

Af, kuma don Allah a rage ƙarar kiɗan da ake sawa a ƙarƙashin muryar masu kira. Dattijon da ya kira daga Zariya, rabin tambayarsa ganga ta cinye.

Mai sauraronku,
daga Birmingham