Maganar aikin ƙanwata, da sauran abin da ka bari a Gombe

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya ruwan sama, ya madam da yara? Mu nan lafiya lau sai zafin da ka sani. Goggo na gaishe ka, wai tunda ka fara cin kifin teku ka manta da ita.

Ka tambayi aikin ƙanwata, to wallahi har yau shiru. Shekara uku kenan da gama makarantar kiwon lafiya, kullum tana asibitin unguwarmu aikin sa kai ko sisi babu, ita ce awon ciki ita ce rigakafin yara, amma da aka tashi ɗaukan ma'aikata sai ga sunan wata wai ƙanwar matar wani jigo a jam'iyya, wadda sau biyu kacal aka taɓa ganin ƙeyarta a wajen, alat kuwa duk wata sai ya shiga. Ni ba albashin ne ma ya fi ƙona min rai ba. Mace ta zo da naƙuda tsakar dare ta tarar ba kowa sai maigadi, a shiga neman keke napep zuwa cikin gari, mai hali ya wuce asibitin kuɗi, talaka kuma sai yadda Allah ya yi da shi.

Taki ma haka. Baffa ya rubuta suna tun kafin ruwan farko, ashe lis ɗin gaske a zauren wani aka rubuta shi da daddare, kuma an san Baffa bai yi su ba a zaɓen 2023. Ƙarshe a kasuwa ya sayi irin buhun, hannun yaran da ko fartanya ba su iya riƙewa ba.

Ka tuna 1996 da Abacha ya cire mu daga Bauchi, muna firamare muna ta tsalle wai gwamnati ta matso kusa? Ta matso kam, ga wanda ke da uwa a gindin murhu. Ko hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye bai ɗaga min hankali da murna ba, don ciyaman ɗin da aka ɗauko aka ɗora ai ya san wanda zai yi wa biyayya, ba mu ba ne.

To amma kar ka ɗauka ni waliyyi ne. Satin da ya wuce tun bayan asuba nake zaune ƙofar gidan wani honorabul har azahar, ina jiran ɗan kati da sa hannunsa, ni da nake zagin abin a majalisa kullum. Ban ma gan shi ba, wai ya wuce Abuja.

Shi ya sa na ce bari in cire kunya. Surukin nan naka har yanzu yana tare da oga? Don Allah ka taɓa min shi, takardunta na nan a wayata, kana cewa in turo zan turo ta WhatsApp.

Ka gaida yara. Naka har kullum.